Tana Mai Gishiri

Ƙarar da ta tashe shi a daren nan ba ta ɓera ba ce, ba kuma ta kyankyaso ba. Tas, tas-tas, tas, kamar ana yayyafa ruwa a kan kwanon rufi mai zafi. Mai Faci ya yi lamo yana saurare. Shi mutum ne da ya yarda kowane abu yana da muryarsa. Zamanin da yake facin taya a bakin titi, da kunne yake gano huji tun kafin ya tsoma tayar a ruwa. Amma wannan muryar bai san ta ba. Ya laluba gefensa, ya ji wurin matarsa wayam. Sai ga warin roba ya shigo ɗakin.

Ya tashi yana jan ƙafar dama, wadda ta yi nauyi tun da ɓarin jikinsa ya shanye bara, ya dafa bango har rumfar bayan gida.

A rumfar nan yake sana'ar tsufansa. Yakan tattara yagaggun tanar roba, irin mai laushin nan da masu fatsa ke sawa a ƙugiya su yaudari kifi, ya narka su a gwangwanin madara, ya zuba a mazubin da ya sassaƙa a katako, su fito sababbi fil. Matarsa ba ta taɓa taka wurin ba. Takan ce warin har haƙoranta yake shiga. Yau ga ta tsugune gaban risho, ta ɗaure hanci da ɗankwali, gwangwani yana ta tartsatsi, ga kofin gishiri kusa da ƙafarta.

"Uwar yara, gidan za ki ƙona mana?"

"Koma ka kwanta, Malam. Miya nake yi wa abokanka."

Abokan nasa kifaye ne, kuma tun da ya tashi daga jinya suka juya masa baya. Kifi yakan cafki tana, ya ji roba ce, ya tofar kafin ƙiftawar ido. Da can hannunsa yakan riga shi. Yanzu kuwa sai zaren ya motsa, labarin ya taso daga yatsu ya tsaya hutawa a hanya, kafin hannu ya fizga kifi ya kai gidansu. Ɗansu direban babbar mota ya gaji da ganin haka.

"Baba, ga santsi a bakin ruwa, ga Mama tana ɗaukar maka kujera kullum a banza. Ka haƙura mana," in ji shi.

Tsoho ya hasala. Ya ce in yaron ya dawo daga wannan tafiyar bai tarar da kifin da ya kama da hannunsa ba, ya ɗauke sandar fatsar ya ba wanda ya ga dama. Tun kafin motar ta bar layin ya yi nadamar maganar. Ga shi dawowar ta matso.

"Kullum ina bayanka ina kallo," in ji matar, tana juya cokali. "Su taɓa su tofar. Na ce wannan ai halinka ne a gaban kwano. Tun da likita ya raba ka da gishiri, loma ɗaya kake juyawa ka ture abincin. Su ma lami kake ba su."

"Kifin rafi ina ya san gishiri?"

"Kai ina ka san shi ranar da aka haife ka?"

Ya ɗauki ɗaya daga cikin tanar da ta zuba, ya ɗaga ta a hasken fitila. Duk ta yi ramuka kamar soso. Da ya ja ta kaɗan sai ta tsinke.

"Gishirinki yana da laima. Ruwa da roba mai zafi ba sa ga maciji. Shi ne wannan surutun." Ya murza guntun a yatsu. "Amma bari gari ya waye."

Da safe ta soya gishirin a kasko har ya bushe ƙayau, ta murje shi da kwalba a kan katako ya koma kamar gari. Wannan karon roba ta karɓe shi ba gardama. Sai dai gishiri malalaci ne, da an daina juyawa yake kwanciya a gindin gwangwani, don haka tana juyawa yana zubawa da hagu, kawunansu suna karo, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya tare haske. Zubin farko gishiri ya yi yawa, tanar ta karye kamar alli. Suka rage. Na gaba ya fito da laushi, da ɗan nauyi, fatar tana da yashi-yashi.

Mai Faci ya sa wutsiyar a baki ya ciza don ya gwada ƙarfinta. Sai ya tsaya cak. Ɗanɗanon da ya manta ya bazu a harshensa, ya lumshe ido.

"Tofar! Likita ya hana!" Ta kai masa duka a kafaɗa, sannan dariya ta ƙwace mata. "Ka gani? Kai ma ka ƙi saki."

Da yamma suka sauka rafi, tana gaba da kujera yana biye da sanda. Ya zauna ya jefa. Tanar ba ta yi yawo a sama kamar na da ba, ta nutse a hankali tana kaɗa wutsiya, har shi kansa ya ji sha'awarta. Suka zauna har inuwa ta haye ruwan. Sau biyu ya jawo ciyawa. Sau ɗaya tanar ta dawo rabi, don mai gishiri ba ta da ƙarko.

Sai zaren ya motsa.

Ya gani da ido, ya ce wa hannu tashi, hannu ya tsaya shawara. A ransa ya riga ya ce kifin ya tafi. Da hannun ya ga dama ya fizga, sai sandar ta lanƙwashe. Nauyin yana nan. Abin da ke ƙasa bai saki ba.

"Riƙe ni!"

Ta damƙi rigarsa ta baya da hannu biyu, ta kafa dunduniya a laka. Ya naɗe zaren a hannun dama, mara jin magana, ya ja, zaren yana cin tafinsa. Ya ji zafin sosai, ya kuma yi murna da jin sa. Can sai ga tarwaɗa a kan ciyawa, tsawon kamu guda, tana buɗe baki, guntun tana a tsakanin gashin bakinta.

Ya sunkuya kanta yana haki. "Baiwar Allah, na gode da kika jira ni."

"Au, ita kake wa godiya?"

Ya juyo. Laka har gwiwarta, ga tabon ƙuna a yatsunta biyu.

"Miyar ta yi daɗi," in ji shi.

"Yau ka fara yaba girkina, shi ma don na kifi ne." Ta ɗauki kujera ta juya da sauri, tana goge ido da bakin ɗankwali.

Suna shigowa layi suka hangi babbar mota. Ɗan nasu yana tsaye a ƙofar gida. Ya dubi kifin, ya kama hannun daman uban ya buɗe, ya daɗe yana kallon jan layin da zare ya yanka a tafin. Sannan ya karɓi sandar, ya goge lakar jikinta da hannun rigarsa, ya miƙa masa abarsa.

Maƙwabcinsu tela ya tsayar da keken ɗinki, ya leƙo ta taga.

"Kai, Mai Faci! Wannan ƙatuwar fa, wa ya kama maka?"

Tsoho ya ɗaga kifin ya buɗe baki zai amsa. Sai ya waiwaya. Matar ta riga ta shige ciki da kujera, ana jin ta tana neman wuƙa.