Raɗin Suna da Lasifika

Shekara arba'in da shida Malam Ɗan Iya yana zaune da matarsa, bai taɓa kama sunanta ba. Ba faɗa ba ne, ba kuma gaba ba. Haka ya taso ya ga babansa yana yi wa uwargida alkunya, shi ma ya ɗora. In yana nemanta sai ya yi gyaran murya. In ba ta ji ba ya ce, "Ke!" In kuwa da baƙi, sai ya tsaya a tsakar gida ya tambayi katanga: "Wai mutanen gidan nan ba sa nan ne?" Ita kuma ta amsa daga madafa, "Suna nan, suna jin ka."

Sunanta Zulaihatu. Duk Unguwar Kanya an sani, bakinsa ne kaɗai bai sani ba.

Ana nan sai matar autansu Naziru ta haifi 'ya mace. Naziru a ƙetaren dam yake zaune, a Tudun Bado, inda yake noman albasa da tumatur. Ya aiko cewa Baba ne zai zaɓi suna. Ɗan Iya ya zaɓa tun daren farko, ya kulle a cikinsa bai gaya wa kowa ba. Sunan matarsa zai sa wa jikar. Ya kuwa yi wa abin dabara: ranar suna zai matsa kusa da liman ya faɗa masa a kunne, tunda ai raɗa ba kama suna ba ce. Daga nan sanƙira ya ɗaga murya, ita kuma ta ji daga cikin gida, don tun shekaranjiya ta haye tana taya su aikin abinci.

Sai dai Naziru ya ja masa kunne. Liman yana da ɗaurin aure a Makoda, saboda haka da hantsi zai shafa fatiha ya wuce. In Baba bai iso ba, to, surukinsa Malam Abdulkabir, kakan jaririyar na wajen uwa, yana nan da sunan yayarsa Tahira a kan harshe, jira kawai yake a waiwayo shi.

Hanyar ƙasa zuwa Tudun Bado doguwa ce, ga damina ta cinye ta. Kowa ta ruwa yake bi, a kwalekwalen Iliyasu. Ɗan Iya ya fi shekara ashirin yana shiga wannan kwalekwale, ya san dokokinsa kamar karatun sallah. Takalmi a hannu ake shiga. Kowa da ƙoƙonsa na kwalfe ruwa, don kwalekwalen yana yoyo tun yana sabo. Ba a tashi sai ya cika, ba ya kuma cika sai an shigo da akuya. Tsakiyar ruwa Iliyasu yakan ajiye filafili ya gaisa da masunta, ya tambayi lafiyar iyalinsu ɗaya bayan ɗaya.

Ranar suna Ɗan Iya ya sauko bakin ruwa cikin farar babbar rigarsa ta Sallah, ƙoƙo a aljihu. Wayarsa ya bar ta wurin mai caji. Ya tarar da Iliyasu a zaune yana cin goro, kwalekwale ba kowa sai wani bunsuru ɗaure.

"Tashi mu tafi, Sarkin Ruwa, yau sauri nake."

"Kakan amarya! Ka ga riga kamar za a naɗa ka dagaci. Zauna, mata uku nake jira."

"Suna ina?"

"Ɗaya tana wanka."

Ɗan Iya ya dubi rana, ya dubi bunsurun, bunsurun ma ya dube shi, ya dubi rigar. A nan ne idonsa ya kai can gefe, inda sabon jirgin nan yake.

Wata biyu ke nan da wani mutumin birni mai suna Zaharaddini ya kawo shi. Shuɗi ne, da rumfa mai geza, da inji a gindi, da kujeru jere kamar na asibiti. Ɗan Iya ya sha tsayawa a gona yana kallonsa yana tsaga ruwa, farin kumfa na bin sa kamar an barbaɗa auduga. Har mafarkinsa ya taɓa yi, wai jirgin ya tashi sama ya sauka kan kukar ƙofar gidansa. Yau ga shi cike da baƙi 'yan birni, maza da mata da tabarau, inji na ta gurnani.

"Kai da bunsurunka Allah ya ba ku haƙuri da juna," in ji Ɗan Iya.

Iliyasu ya tofar da goro. "Wancan za ka shiga? Ai ba ya zuwa ko'ina."

"Hassada ga mai rabo taki. Da idona nake ganin sa yana zuwa."

"To. A gai da su."

Ɗan Iya ya ƙarasa wurin Zaharaddini. "Samari, kuna zuwa wancan gefen? Wajen Tudun Bado?"

"Har can muke zuwa, Baba. Za ka ga komai da komai. Zagaye ɗaya ne."

Zagaye bai dami Ɗan Iya ba. Jirgi mai inji ko ya zagaya ai ya riga filafili. Ya sayi tikiti, ya tuɓe takalmi ya riƙe a hannu.

"Sa takalminka, Baba."

Ya sa, yana jin kamar ya shiga masallaci da su. Ya nufi gaba, wurin zamansa na kullum a kwalekwale, aka ce a'a, kujerarsa lamba tara. Kafin ya zauna an zura masa wata riga mai ruwan goro a kan babbar rigarsa, an ɗaure da igiyoyi, ya koma kamar kabewar da aka yi wa lalle. Ya fito da ƙoƙo ya duƙa yana neman ruwan da zai kwalfe. Ƙasan jirgin a bushe ƙamas. Wannan ya ɗan tsorata shi, don a saninsa duk abin da ke kan ruwa sai ya sha ruwa.

Wata mata mai jiki a kujera ta goma, wadda ya ji ana kira Hajiya Aina'u, ta leƙo. "Baba, fura za ka dama?"

"Aikin jirgi zan yi, Hajiya."

"Ai nan ba a aiki. Hutawa aka zo yi."

Aka miƙo masa lemon kwalba da cincin. Da ya rasa inda zai ajiye cincin ɗin sai ya juye a ƙoƙon, ya ce ko ba komai ya yi amfani.

Jirgi ya tashi. Kai! Iska ta cika masa hannun riga, hularsa ta nemi komawa gida, ya danne ta. Gonakin gero da dawa na gudu da baya, kukoki na bin su a hankali kamar dattawa. Zaharaddini, hannu ɗaya a kan inji, ɗaya riƙe da lasifika, ya fara bayani.

"Jama'a, ku dubi dama. Waɗancan fararen tsuntsaye su ake kira belbela."

Nan da nan wayoyi suka tashi sama. Ɗan Iya ya duba ko akwai wata belbela ta daban, mai kai biyu ko mai ƙaho. Babu. Belbela ce dai irin wadda ke bin shanunsa.

"Ku dubi hagu. Ga wani manomi yana noma irin na gargajiya."

"Ai Ɗanliti ne," in ji Ɗan Iya. "Kuma ba noma yake ba, fartanyarsa yake nema."

Hajiya Aina'u ta yi dariya har lemo ya sarƙe ta. Daga nan duk abin da aka nuna sai ta tambaye shi, shi kuma ya ba ta tarihinsa. Daɗi ya kama shi, har ya fara tausayin Iliyasu. Ya gaya mata suna za shi, na jikarsa, shi ne ma mai raɗawa.

"Suna? A ina?"

"Ga shi can."

Tudun Bado ta taso gabansu. Ga tsamiyar ƙofar gidan Naziru, ga tabarmi, ga mutane zaune, ga rago ɗaure. Har farin rawanin liman ya hango, da wata doguwar jar hula kusa da shi, wadda ba ta kowa ba ce sai ta Malam Abdulkabir. Ɗan Iya ya miƙe yana kwance igiyoyin rigar.

Sai jirgin ya karkata. Tsamiya ta fara komawa bayan kafaɗarsa.

"Kai, samari! Ka wuce! Akwai sauka!"

"Zauna, Baba, kar ka faɗa. Ba a sauka a nan."

"Ba ka ce kuna zuwa ba?"

"Ga shi mun zo. Ba ka gani ba?"

"To ina za a sauke mu?"

"Inda aka ɗauko ku mana. Yawon shan iska ne."

Ɗan Iya ya dubi fuskokin mutanen, ko zai ga wanda ransa ya ɓaci. Kowa na cin cincin. Wato duk waɗannan manyan mutane sun baro birni, sun shiga jirgi, don a mayar da su inda suke. Iskar ma da suke sha, irin ta ƙofar gidansa ce.

Hajiya Aina'u ta sa baki. "Haba Zaharaddini, sunan jikarsa ake yi. Matsa ka sauke shi."

"Wallahi Hajiya ba hali. Dubi kainuwa da bado, ga taɓo. In farfela ta sarƙe, nan za mu yini."

"To Baba, kawo lambar ɗanka."

"Tana cikin wayata."

"Wayar fa?"

"Tana caji."

Zaharaddini ya rage wuta, jirgi ya tsaya yana lilo. Daga nan Ɗan Iya ya ga an fara zagayawa da farantin goro da dabino. Ya ga liman ya dubi agogo. Ya ga jar hula ta fara karkata wajen farin rawani.

Hajiya Aina'u ta fizge lasifikar ta danƙa masa. "Danna nan ka faɗa. Za su ji."

"A'a, Hajiya, ke ki faɗa. Zo in gaya miki a kunne."

"Ni wa ya san muryata a garin nan? Cewa za su yi aljanar ruwa ce. Wane suna ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Na... mutanen gidana ne."

Ta dube shi, ta gane, ta dafe baki. Ɗan Iya ya ɗaga lasifikar. Ya danna, ya yi gyaran murya, irin wanda ya saba. Gyaran muryar ya tsallake ruwa kamar aradu, belbelu suka tashi, mutanen tsamiya duk suka waiwayo.

"Salamu alaikum! Liman! Ni ne Ɗan Iya! Ga ni a jirgi!"

Wasu suka miƙe suna kare rana da hannu. Jar hula ta tsaya cak.

"Sunan yarinya... sunan mutanen gidana!"

Liman ya kai hannu kunne, ya buɗe tafuka. Shi baƙo ne a wannan gidan, ina zai san mutanen gidan wani? Jar hula ta sake karkatowa.

Ɗan Iya ya rufe ido.

"Zulaihatu! Zulaihatu nake cewa! Zulaihatu!"

Sunan ya bugi tudu ya dawo, ya sake komawa. Masunta suka daina jan koma. Sai ga hannaye sun tashi a ƙarƙashin tsamiya, aka shafa. Can daga cikin gida guɗa ta tashi, doguwa, ta biyo ruwa har cikin rumfar jirgin. 'Yan birni suka ɗauki tafi, Hajiya Aina'u na share ido da gefen mayafi tana dariya.

Aka mayar da shi inda aka ɗauko shi, daidai kamar yadda aka yi alkawari.

Ya daɗe zaune a bakin ruwa kafin kwalekwale ya dawo daga ƙetare. Iliyasu ya kafe gora, ya gyara hula.

"Sannu da zuwa, matafiyi. Ya mutanen can?"

"Kai dai tuƙa."

"Ina tsakiyar ruwa na ji ana raɗa suna. Ban taɓa jin raɗa mai kyau irin wannan ba. Har tarwaɗa ta leƙo tana tambaya wace ce."

Ɗan Iya ya tuɓe takalmi ya shiga, ya zubar da ɓurɓushin cincin, ya hau kwalfe ruwa. Kafin su kai, farar riga ta jiƙe har gwiwa.

A zaure Naziru ya tare shi yana danne dariya, ya ce tunda ba mai iya kiran sunan Inna a gidan, mata sun riga sun yi wa yarinya laƙabi, Ta Jirgi. Ɗan Iya ya wuce tsakar gida. Mata suka dare suna ƙus-ƙus. Ya tsaya ya dubi katanga.

"Wai mutanen gidan nan ba sa nan ne?"

Ta fito daga ɗaki da jaririyar a hannu, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ta miƙa masa ita ba tare da ta dube shi ba.

"Ashe ka san shi, Malam," in ji ta a hankali. "Ni na zaci tun ranar ɗaurin aure ya faɗi a hanya."