Kek a Cikin Gara

Zulfa ba ta iya faɗin farashi ba, kuma wannan ce cutar da ta daɗe tana cin sana'arta. Hannunta dai ba a magana. A Jega, in ka ga kek mai hawa-hawa a wurin biki, wanda mata ke zagaye shi da waya kafin su gaida masu gida, to daga tsakar gidan Zulfa ya fito, daga wata babbar tukunya da take zuba wa yashi a gindi ta ɗora kan gawayi. Amma da an tambaye ta nawa ne, sai ta sunkuyar da kai ta kama murza bakin gyale kamar ita ta zo roƙo. Baƙo ma yana samun ta a sauƙaƙe, balle wanda ya san uwarta.

Hajiya Tasalla ta Aliero kuwa ba sanin uwarta kaɗai ta yi ba. Aminiyar marigayiyar ce tun suna 'yan mata, kuma ita ta zauna wa Zulfa jegon fari da uwar ta rasu. Mijinta dillalin albasa ne, ita ma a cikin cinikin albasa ta tsufa, don haka komai a idonta tuli ne: a dubi girmansa, a taya, a rage. Da bikin autarta Raihanatu ya matso, ta zo Jega da kanta, ta zauna a kan tabarmar Zulfa, ta miƙa mata hoton wani kek mai hawa uku a waya, na ƙasan faɗinsa ya kai faifai babba. Zulfa ta riga ta san abin da fulawa da bota da ƙwai da sukari za su ci. Ta faɗi kuɗin a hankali, har ta ɗan rage tun kafin a nema.

Hajiya ta yi dariya har da tafa cinya.

"Ke Zulfa, hulawa da ƙwai na hwa. Mi aka sa mishi ciki, zinari?"

Ta taya rabi. Nan ne wurin da mai sana'a ke cewa albarka ta ja bakinta ta yi shiru, kuma Zulfa ta buɗe baki za ta faɗa. Sai Hajiya ta tuna da marigayiya, ta ce da A'i, uwar Zulfa, na da rai da ko kwabo ba za ta bari a karɓa a bikin Raihanatu ba, ta share ido da gefen mayafi. Akwai maƙwabta biyu zaune suna ji. Zulfa ta ce ta sallama. A wajenmu kuwa in mai kaya ya ce ya sallama a gaban mutane, magana ta ƙare, ko da zai kwana yana cizon yatsa.

Ta ciji yatsan kuwa. Da ta shiga kasuwar Jega sayayya ta tarar bota ta ƙara tashi, kiret ɗin ƙwai ma haka. Duk yadda ta juya abin da aka ba ta na kafin alƙalami da abin da ya rage, hawa biyun sama kaɗai zai fitar, su ma da ƙyar. Babban na ƙasa shi kaɗai ya kai su biyun ci. A nan ta tuna wata dabara da ta gani a Birnin Kebbi lokacin da take koyon aikin. Akwai farin abin nan mara nauyi da ake tokare sabuwar talabijin da shi a cikin kwali, wanda masu sana'ar ke kira fom. Ana yanka shi a kewaye, a lulluɓe shi da farin sukarin ado, a yi masa furanni, ya zauna a ƙasa don hoto. A can kowa ya san da shi. Mai kek takan faɗa tun farko, in an tashi daga biki kuma ta ɗauke abinta ta tafi.

Haka ta yi. Ta manna shi a kan katako mai kauri don kada rashin nauyinsa ya tona shi, kuma don haushi ta fi ƙawata shi a kan na gaskiyan. Niyyarta, ranar da ta kai kaya ta ja Hajiya gefe ta gaya mata.

Ranar walima ta isa Aliero da hantsi, ta jera hawa ukun a kan ƙarfen da ake ɗora su a ƙarƙashin rumfa. Raihanatu ta leƙo daga ɗaki da lalle a hannu, ta rungume ta da gwiwar hannu, ta ce wallahi Yaya Zulfa ta fitar da ita kunya, dangin angonta Mubashir na Andarai za su san daga gidan da ta fito. Yarinya ce mai son mutane, ta gama karatun jinya, kuma mijin nan ita ta zaɓi abinta. Sannan Hajiya ta kira Zulfa bayan ɗaki, daidai inda Zulfa ta so ta same ta. Ta damƙa mata kuɗi a nannaɗe, ta nuna mata wani kwandon albasa ta ce ta haɗa da shi. Zulfa ta warware kuɗin ta duba. Ko cikon rabin da aka yi ciniki a kai bai kai ba.

Maganar fom tana bakinta a lokacin. Ta dubi kwandon, ta dubi Hajiya da ta riga ta juya tana ba wata umarni, sai ta haɗiye ta. Ta ce a ranta ai kowa abin da ya biya zai ci, in an watse ta ɗauke kayanta ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Ni ban ga laifin fushinta ba, ko ni ce zan yi. Shirun ne ban so ba.

Bayan azahar aka fito da amarya, aka yi wa'azi, aka yi hotuna. Aka yanka na sama, aka yanka na tsakiya, aka bi manyan mata da shi a faranti, kowa na yaba laushinsa. Zulfa na tsaye kusa da rumfa tana jiran a juya baya. Wata ƙawar amarya ta ɗaga wuƙa za ta kai wa na ƙasa, sai ga muryar Hajiya daga cikin taro.

"A bar babban. Wanga na gara na, Andarai za shi."

Gara ita ce kayan abincin da gidan amarya ke aika wa gidan ango: buhunan shinkafa, jarkokin mai, alkaki, nakiya, dubulan, cincin. Ba a ɓoye ake kai ta ba. A tsakar gida ake sauke ta, gwaggwannin ango su buɗe komai ɗaya bayan ɗaya a gaban jama'a, su raba wa dangi da maƙwabta, kuma da abin da suka gani a ranar ake auna gidan da yarinya ta fito har ta tsufa. Zulfa ta san wannan sarai, ita ma an kai tata. Abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba shi ne kek zai shiga ciki. Hajiya kuwa da ba ta barin ko ɓawon albasa ya tafi a banza, ta ga ba dalilin da zai sa a cinye abu mafi girma a gidanta alhali zai iya ƙara wa gararta kwarjini. Kafin Zulfa ta motsa, mata biyu sun ɗauke shi da katakonsa sun shige ɗakin Hajiya, an ja ƙofa an sa kwado.

Daga nan Zulfa ta fara bin Hajiya. Ta same ta wajen masu tuwo, ta ce Inna ina son magana. Hajiya ta ce sai an jima, ta wuce. Ta tare ta a bakin zaure, Hajiya ta kama hannun wata baƙuwa ta shiga gaisuwa mai tsawo. Ta kira wayarta tana kallon ta daga nesa, ta ga ta duba sunan ta mayar da wayar cikin jaka. Hajiya ta ɗauka cikon kuɗi ake bi, kuma a fagen kauce wa mai bin kuɗi ba a Aliero kaɗai ba, ko a Jega ba ta da na biyu. Daga baya ma ta aiko wata ƙanwarta ta ce a gaya wa Zulfa ta ji kunya, yau ranar farin ciki ce, a bari sai bayan biki.

Zulfa ta dubi ƙanwar, ta ga bakin da ba ya riƙe magana, ta fasa faɗa mata. Ta nufi ɗakin amarya, ta tarar da shi cike da ƙawaye ana naɗa wa Raihanatu lafaya, tana kuka tana dariya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa shiga. Tsoro ne ya kama ta sosai.

Da la'asar aka buɗe ɗaki aka fara loda gara a bayan wata farar mota. Kek ɗin aka sa wa wata dattijuwa a cinya a gidan gaba, an rufe shi da farin leshi. Zulfa ba ta cikin 'yan rakiya, amma ta cusa kanta cikin bas ɗinsu, ba wanda ya hana. Tunaninta, in an isa ta karɓe shi da sunan gyara ado, ta san yadda za ta yi, ko da sakinsa ƙasa ne. Hanyar ta bi ta Jega. Ta ga kwanar unguwarsu ta taga, ta ji kamar ta ce a tsaya ta sauka, ba ta ce ba. Mata na ta waƙa da guɗa, ita idonta na kan farar motar da ke gaba har suka shiga ƙasar Maiyama. A hanya bas ɗin ya tsaya shan mai, farar motar ta ɓace mata.

Gidan su Mubashir a Andarai gidan malamai ne, tun daga zaure ake jin haka: alluna jingine da bango, buzaye a shimfiɗe, ba mai ɗaga murya. Ko da 'yan rakiya suka shiga, an riga an sauke gara a tsakar gida, mata sun yi da'ira. An wuce da amarya ɗakinta. A tsakiyar da'irar wata tsohuwa ce zaune a kan kujera 'yar tsugunno, siririya, da carbi a wuya. Gwaggo Hindu ke nan, yayar mahaifin ango, wadda ba a raba komai a gidan sai da hannunta. Ta buɗe alkaki ta sa albarka, ta buɗe nakiya ta sa albarka. Kek ɗin yana gabanta, an yaye leshin, yara sun matso suna haɗiyar yawu.

Zulfa ta kutsa ta durƙusa, ta ce a ba ta shi ta ɗan gyara, hanya ta taɓa shi. Gwaggo Hindu ta dubi kek ɗin ta ce ita ba ta ga abin da ya taɓu ba, ai ciki za shi. Ta yi bisimilla ta sa wuƙa.

Wuƙar ta ratsa sukarin, sannan ta yi wata ƙara siririya mai sa haƙori tsami, ta tsaya. Tsohuwar ta ƙara dannawa. Da ta zaro ta, sai wasu fararen ƙwayoyi suka biyo ta, iska ta kwashe su suka bi tsakar gida suna manne wa zannuwan mutane. Ta sa yatsa ta ɓantaro wani yanki, ta murza, ta shinshina. Guɗar da wata ta fara ta mutu a maƙogwaronta. Matan Aliero suka dubi juna, matan Andarai kuwa ba su dubi kowa ba, sai ƙofar ɗakin amarya.

Zulfa ta yi sauri ta ɗaga murya. Ta ce ita ta yi shi, ita ce mai kek daga Jega, Hajiya ba ta sani ba, amarya ba ta sani ba, laifinta ne ita kaɗai. Ta fara bayanin ciniki da tsadar bota, ta ji abin ba ya da daɗin ji ko a kunnenta, ta katse shi.

Gwaggo Hindu ta saurare ta har ƙarshe, ba fushi a fuskarta.

"Ɗiyata, ke sana'a kika yi, mu ba mu san ki ba," ta ce. "Gidan da sunka aiko muna shi munka sani."

Zulfa ta roƙa a ba ta shi ta tafi da shi, gobe ta kawo na gaskiya wanda ya fi shi, ba ko kwabo. Tsohuwar ta girgiza kai, ta ce abin da ya shigo cikin gara ba ya komawa, ba a taɓa yi ba. Ta goge wuƙar da gefen zane, ta tambaya ko wannan abin yana lalacewa in ya daɗe. Zulfa ta ce a'a, ba ya lalacewa.

"To madalla. A kai ma amarya ɗakinta, a aza mata bisa kabad inda kowa ka gani nai. Kayan gidansu na, ta aje."

Wata mata ta ɗauka da katakonsa, ɓantararren gefen yana gaba, da'irar ta buɗe mata hanya. Zulfa na durƙushe inda take. Ta ji an ɗaga labulen ɗakin, hirar ƙawaye ta yanke, sannan ta ji muryar Raihanatu daga ƙarƙashin lulluɓi, cike da murna, tana cewa a aje shi a hankali, na Yaya Zulfa ne.