Kwamfutar Zainu

Karo na uku ke nan Ilyasu yana cire direban wayales, wato manhajar da ke sa shi aiki, daga tsohuwar kwamfutar yana sake sa shi, kuma karo na uku tana dawowa da ɗan jan tambarin nan a kan alamar intanet. Ya ja tsaki, ya tura kujerarsa baya har ta bugi durowar kayan aiki.

Shekara goma sha huɗu yana gyaran kwamfuta a wannan shago da ke hawa na biyu a kasuwar Suk al-Arabi ta Khartoum. Ɗalibai na kawo masa, ma'aikatan banki na kawo masa, har masu gyara 'yan'uwansa kan lallaɓo idan abu ya gagare su. Mutum ɗaya ne a duk Khartoum da Umdurman bai yarda ya iya ba, shi ne mahaifinsa, Malam Muhammad Sani.

Da safen nan tsohon ya miƙo masa kwamfutar a cikin gafakar fata, irin wadda yake sa littattafansa, an ɗaure ta tamau da igiya. Yau Alhamis, kuma bayan la'asar zai sauke littafin da ya shekara biyu yana karantar da ɗalibansa na Gadarif da Jidda da Kano ta intanet.

“Kwamfutar Zainu ta ƙi kama iska,” in ji shi. “Tafi da ita, amma kada ka taɓa cikinta sai ka ji daga gare shi. Shi ne muhandis, shi ya karanta injiniya.”

Zainul'abidin ƙanen Ilyasu ne, Ilyasu ya ba shi shekara bakwai. Zainu ne ya yi jami'a, shi ke aiki a Dammam, shi ya bar wa Baba wannan kwamfuta da zai tafi. Tun daga lokacin Ilyasu ya canza mata allo, ya canza mata fanka, ya canza madannai sau biyu. Ban da murfi, da wuya a sami abin da ya rage na Zainu a jikinta, amma har gobe sunanta kwamfutar Zainu. Abin yana cin Ilyasu, kuma ya san sunan abin da ke cin sa. Kishi ne, ba wani abu ba.

Wafa'a mai shayi ta leƙo da kofin jabana, kofi mai citta, a kan faranti. Shekarunta da yawa a bakin matakalar ginin, ba abin da ke wuce ta.

“Ya zol, bawan Allah, tun safe kana faɗa da wannan tsohuwa? Ta wa ce?”

“Ta Baba.”

“A'a, ta muhandis!” Ta yi dariya. “To ka kira shi mana, ya faɗa maka.”

“Ajiye kofin ki tafi, Wafa'a.”

Ta ajiye, ta tafi tana dariyarta. Kamar an aiko, wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Zainu, daƙiƙa ashirin da biyu. Ilyasu ya dube shi, ya kife wayar. Daƙiƙa ashirin da biyu! Mutum na zaune a ofis mai sanyi zai warware masa aikin safiya guda a daƙiƙa ashirin da biyu.

Ya duba katin wayales, kwamfutar tana ganin sa, ba ta ce ya mutu ba. Ya kunce bayanta, ya zare katin, ya goge bakinsa, ya mayar da siraran wayoyin nan biyu. Shiru. Sai ya yanke shawarar cewa cutar tana can ciki, a bayos, manhajar da ke tayar da na'urar tun kafin komai ya tashi. Tun da aka ƙera ta ba a taɓa sabunta shi ba. Gaskiyar magana, so yake cutar ta zama babba, irin wadda za a ba da labarinta a gida.

Shafin kamfanin ya ƙi buɗewa daga Sudan, sai da ya kunna VPN ya zagaya. Ya sauko da fayil ɗin, ya zuba a filash. A nan ya ɗan tsaya. Batirin kwamfutar ba ya riƙe wuta ko minti uku, kuma idan aka ɗauke kahraba, wato wutar lantarki, ana tsakiyar sabunta bayos, shi ke nan, ta zama faranti. Da ta wani ce, da sai ya haɗa ta da babban batirin maƙwabcinsa tukuna. Amma maƙwabcin zai tambayi ta wa ce. Ya yi bisimilla ya danna.

Layin ya fara tafiya. Kashi ashirin, kashi arba'in. A sittin da ɗaya fankar silin ta rage gudu, ƙwan fitila ya yi ja. Ilyasu ya zuba wa layin ido. A ransa ya ga ɗalibai a ƙasa uku suna jira, ya ga Baba yana cewa ai na faɗa maka. Ya riƙe bakin tebur yana salati. Fankar ta farfaɗo, layin ya ci gaba, ya kai ɗari. Kwamfutar ta mutu ta tashi lafiya lau.

Jan tambarin yana nan inda yake.

An yi azahar, an wuce. Ƙarfe biyu da kwata, rigarsa ta jiƙe, jabana ya huce, dabara ta ƙare. Ya ɗauki wayar ya danna saƙon.

“Yaya, salamu alaikum. Malesh, yi haƙuri, na san kana da aiki. Akwai wani ɗan maɓalli a gefenta na hagu, kusa da ramin abin kunne, ana tura shi gaba. Da ina jami'a jakata takan kashe shi. Ka duba shi kawai.”

Ilyasu ya juya kwamfutar. Ga shi nan, bai kai ƙwayar wake ba, fentinsa ya goge. Daidai wurin ne kullin igiyar gafakar Baba yake zama. Ya tura shi da farce. Wata 'yar fitila shuɗiya ta kama, sunayen wayales na duk benen suka jero. Wannan ne abin da yake fara dubawa a tsohuwar kwamfutar kowa, kuma da ta baƙo ce da bai kai minti ɗaya ba.

Ya kulle shago ya kama hafila, motar bas. Cunkoson kubri, wato gada, ya ci masa rabin sa'a, yana rungume da gafakar, ya sassauta igiyar. Daga tasha ya hau raksha, keke mai ƙafa uku, ya isa gida ladan na shirin kiran la'asar.

Baba na zaune kan darduma a inuwar rakuba, rumfar tsakar gida, littafin a buɗe. Ya ga fitilar shuɗiya, fuskarsa ta saki.

“Me ya same ta?”

Ilyasu bai shirya ƙarya ba, ita ce ta riga shi fita. “Bayos ne, Baba. Sai da na shiga can cikinta na sabunta. Da wuta ta ɗauke, da mun rasa ta.”

“Masha Allah.” Tsohon ya dube shi sosai, irin kallon da Ilyasu bai saba samu ba. “Ashe aikin naka ya wuce kunce ƙusa. Kira min Zainu mu gwada ta.”

Fuskar Zainul'abidin ta fito, da katin ofis a wuya. Ya gaida Baba, sannan ya hango wansa a baya.

“Yaya, sannu. Na ga ka saurari saƙon. Maɓallin ne?”

“Bayos ne,” in ji Ilyasu.

Zainu ya dubi wansa. Shekara huɗu ya yi da kwamfutar nan, kuma wayarsa ta nuna masa ƙarfe nawa aka buɗe saƙon. Ilyasu ya jira, har ya fara shirya yadda zai yi musu.

“Wallahi, Baba,” in ji Zainu, “da ni ne da ban gano ba. Wannan aikin Yaya ne, ni nawa na takarda ne.”

Baba ya yi dariya, ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Ilyasu. “Ka ji? Muhandis da kansa ya shaida. Allah ya yi maka albarka.”

“Amin,” in ji Ilyasu.

Shekara goma sha huɗu yana jiran wannan hannu a kafaɗarsa. Ga shi ya zo, amma Zainu ne ya aiko shi daga Dammam, kyauta, ba tare da an roƙe shi ba. Da yaron ya tona shi, da ya fi masa sauƙi. Ya dubi fuskar da ke kan allon tana masa murmushi, ya ji kishin ya ninka na safe.

“Ɗaga min ita kaɗan,” in ji Baba, yana gyara rawani. “Zainu ba ya ganina sosai.”

Ilyasu ya durƙusa, ya ɗaga ta da hannu biyu.