Babur Biyu a Shagon Maxime

Mahfuzu ya yi shekara goma sha tara yana gyaran babur a bakin babbar kasuwar Garwa kafin motar auduga ta taka masa ƙafar hagu. Ba a yanke ƙafar ba, amma daga idon sawu zuwa ƙasa ta bushe, ba ta iya taka giya. Rumfar gyaran ta koma hannun wani. Matarsa ta tafi Tcholliré da sunan ganin gida, ba ta dawo ba. Shi kuma ya tattara ya koma ƙaramin ɗakin da ke cikin soron gidansu a Hausari, gidan da yayansa Taufiƙ ke riƙe da shi tun rasuwar mahaifinsu.

Taufiƙ yana da shaguna uku na atamfa da shadda. Ba mutum ne mai ɗaga murya ba. Ko zai ci mutuncinka, a hankali yake yi, yana murmushi, har sai ka koma gida sannan maganar ta fara yi maka zafi.

Wata safiya cikin watan Maris, zafi ya riga ya sauka tun kafin hantsi, Taufiƙ ya tsaya a ƙofar ɗakin.

"Sa rigarka mai kyau," ya ce. "Za mu je ka zaɓi babur."

Mahfuzu ya tambaye shi wane iri. Taufiƙ ya dubi ƙafar da ta bushe, ya ce irin wanda ba ya buƙatar ƙafa, wanda ake kira skuta.

A cikin mota Mahfuzu bai ƙara tambayar komai ba, don yana tsoron kada tambaya ta ɓata abin. Shekara uku ke nan ba ya zuwa ko'ina sai an ɗauke shi. Ya zauna yana kallon titi yana tsara rayuwa: zai ɗaure akwatin kayan aikinsa a baya, ya riƙa bin gidaje yana gyaran janareto da injin ban ruwa, ya je masallacin Juma'a ba tare da ya tsaya a bakin hanya yana jiran wanda zai tausaya masa ba. Har ya yi tunanin Tcholliré, ya kore tunanin.

Shagon wani mutum ne mai suna Maxime, wanda ya san Mahfuzu tun yana da rumfa. Ya fito da babura biyu ya tsayar da su a inuwar darbejiya. Ɗaya ruwan toka ne, ba shi da wani ado, na babban kamfani mai suna. Ɗayan ja ne yana sheƙi, da fitilu har a ƙarƙashinsa da wurin cajin waya. Kuɗin ruwan tokan ya kusa ninka na jan sau uku.

Mahfuzu ya jingine sandarsa ya zauna a ƙasa. Ya fara da ruwan tokan. Ya ƙwanƙwasa ƙarfen jikinsa ya ji nauyin ƙarar, ya shafa waldar da yatsa ya ji ta sumul, ya matsa birkin gaba ya ga yadda yake kama taya nan take. Ya sa aka tayar da injin ya kara kunne. Ya daɗe bai ji inji mai natsuwa haka ba. Maxime ya ce akwai garanti na shekara biyu, kuma kayan gyaransa ba sa yankewa.

Sannan ya matsa wajen jan. Ƙarfensa siriri ne, an lulluɓe shi da roba. Waldar ta yi ƙuraje. Tayoyin sun yi tauri, irin waɗanda ke sulɓi da zarar sun taka yashi. Wayar birkin kuwa, da ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya san ba za ta kai damina biyu ba.

Duk wannan lokacin Taufiƙ yana tsaye a kansa yana ba Maxime labarin yadda kasuwa ta mutu, yadda kaya suka maƙale a kan iyaka, da yawan bakunan da yake ciyarwa a gida, masu aiki da marasa aiki. Da ya gama sai ya sunkuya ya dafa kafaɗar ƙanensa, ya ce shi ne masani, duk wanda ya nuna shi za a saya, kada ya ji nauyin komai.

Mahfuzu ya ji nauyin komai. Shekara uku yana cin tuwon mutumin nan. Da wane baki zai nuna mai tsada? Ya ce a ransa ai shi makanike ne: zai riƙa tafiya a hankali, ya canza wayar birkin a makon farko, ya canza tayoyin idan aiki ya fara shigowa. Ya nuna jan.

Taufiƙ ya zaro wayarsa ya danna. Ya ce wa Mahfuzu ya faɗa da bakinsa da kyau, zai tura wa matarsa Hindu ta ji, don ta fi yarda da maganar masana.

"Wannan jan ya isa," in ji Mahfuzu, yana kallon wayar. "Ba shi da wata matsala. Tsadar wancan suna ne kawai."

Maxime ya ɗan yi tari, ya ce da Hausarsa ta kasuwa, jan na zagayen unguwa ne, ba na doguwar hanya kullum ba. Taufiƙ ya yi dariya ya ce mai kaya ai dole ya so a sayi mai tsada. Ya riga ya mayar da wayar aljihu.

Washegari bayan la'asar aka ce za a kawo shi. Mahfuzu ya share soron da kansa, ya janye tsofaffin buhunan da ke lungu don ya samu wurin ajiyewa. Ya yi wanka ya zauna a kan benci. Da aka sauke babur ɗin daga mota ya miƙe ya miƙa hannu, amma masu turawar suka wuce shi, suka shige cikin gida. Can ya ji guɗa.

Ya bi su da sandarsa. A tsakar gida Hafsatu, babbar 'yar Taufiƙ, wadda ke karatun jinya a wata makaranta a hayin gada, tana zaune a kan babur ɗin da makulli a hannunta, ƙannenta suna ɗaukar ta hoto. Babu wanda ya waiwayo.

Halime, ƙanwarsu shi da Taufiƙ, ce ta ja shi gefe ta ba shi labari, ba da wata manufa ba. Ta ce wata biyu Hindu tana kan cewa sai dai mai tsada, tunda yarinyar kullum za ta haye gada cikin manyan motoci. Jiya ne Taufiƙ ya kunna mata muryar Mahfuzu, ta haƙura.

Ya sami yayansa a falo yana shan shayi.

"Yaya, ka bar ni na ɗauka nawa ne."

Taufiƙ ya hura shayin. "Na ce naka ne?"

"Ka ce in zo in zaɓa."

"Ka kuwa zaɓa. Na gode." Ya kurɓa, ya ajiye kofin. "Mahfuzu, ina za ka je da babur? Wa yake jiran ka?"

Mahfuzu ya haɗiye wannan. Ya ce to ya ji, amma a mayar da jan, ko a canza masa wayar birki da tayoyi kafin yarinyar ta hau titi. Ya ce abin da ya faɗa a shago don ya rage masa kuɗi ne, ba gaskiya ba ce. Taufiƙ ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce abin mamaki ne yadda babur ya lalace cikin kwana ɗaya don kawai ya shiga hannun wani.

Kafin dare maganar ta zaga gidan: Baffa Mahfuzu ya sa rai, bai samu ba, yanzu yana baƙin ciki da 'yar ɗan'uwansa. Yaran gidan suka fara kwaikwayon yadda ya miƙa hannu a soro.

Ya gwada Hindu, ta aiko a ce masa tana barci. Ya tare Hafsatu wata safiya tana turo babur ɗin waje. Yarinyar nan ya sha ɗora ta a kan tankin babur ɗinsa tana ƙarama, ya kai ta bakin kogi ta ga dorina. Ya roƙe ta ta ba shi rabin awa kawai ya duba birkin. Ya durƙusa ya kai hannu zai nuna mata wayar.

"Baffa, Baba ya ce kada ka taɓa," ta ce, ba tare da ta dube shi ba. Ta ja babur ɗin baya, ta tayar, ta tafi.

Da ya gyara wa wani maƙwabci fanka ya samu ɗan abin da ya samu, ya aika aka sayo masa wayar birki mai kauri. Ya naɗe ta a leda ya ba Halime, ya ce ta ba yarinyar ta kai wa kowane makanike ta ga dama. Bayan kwana biyu ya ga ledar a kwandon shara, ba a ko kwance ta ba.

Ruwan farko ya sauka a ƙarshen Afrilu, ya kwaso yashi ya shimfiɗa a kan kwalta. Washegari da safe Hafsatu tana gangarawa wajen gada, wani mai kura ya ratso titi. Ta matsa birki da ƙarfi, wayar ta tsinke, tayar baya ta zame, ta shige bayan wata babbar mota da ke tsaye. Muƙamuƙinta ya karye, haƙoranta huɗu na gaba suka zube, hannun dama ya karye a wuyan hannu. Saura mako uku jarrabawarta.

Dangi suka cika barandar asibitin. Mahfuzu ne ya iso a ƙarshe, don babu wanda ya tuna ya ɗauko shi. Ya tarar da Hindu a zaune a ƙasa idanunta sun kumbura, Taufiƙ kuma yana tsaye cikin maza yana amsa jaje. Wani kawunsu ya tambaya me ya sa aka sayi irin wannan babur ga yarinyar da ke hawa gada. Taufiƙ ya sa hannu a aljihu. Ya zaro wayarsa, ya ƙure ƙarar, ya ɗaga ta sama.

Muryar Mahfuzu ta cika barandar, tana cewa jan ya isa, ba shi da wata matsala. Taufiƙ ya bari ta ƙare, ya sake kunnawa.

Duk aka juyo. Mahfuzu ya ce ya gargaɗe su, ya ce Halime shaida ce. Halime ta sunkuyar da kai, don a gidan Taufiƙ take zaune da 'ya'yanta biyu tun mutuwar mijinta. Ganin haka ya faɗi abin da ya rage masa.

"Na ɗauka nawa ne. Shi ya sa na faɗi haka."

"Kun ji da kunnenku," in ji Taufiƙ a hankali. "Ya ɗauka nasa ne. Da ya ga ba nasa ba ne, Allah kaɗai ya san abin da ya shiga zuciyarsa."

Wata daga cikin mata ta ce ita kam ta taɓa ganin sa durƙushe a gindin babur ɗin da sassafe, hannunsa a wajen birki. Babu wanda ya ƙarasa maganar, babu kuma wanda ya ƙaryata ta. Hindu ta ɗago ta dube shi, ta ce ya fita daga inda 'yarta take kwance.

Ba a kai maganar ko'ina ba. Taufiƙ ya ce shi ba zai tona asirin jininsa ba, mutane suka yaba masa da haƙuri. Bayan kwana huɗu Mahfuzu ya dawo daga masallaci ya tarar da kayansa a buhu biyu a ƙofar soro, an sa wa ɗakin sabon kwaɗo. Taufiƙ da kansa ya kai shi tasha, ya saya masa ruwan sanyi, ya ce ya riƙa kula da ƙafar.

Garin Ngong ya nufa, wajen Jérôme, wanda suka yi shekaru rumfarsu na jikin juna a kasuwar Garwa kafin ya koma can. Jérôme bai tambaye shi komai ba. Ya ba shi kujera a rumfarsa ta bakin titi da tabarma a ɗakin ajiya, matarsa Jeannette ta ƙara kwano ɗaya. Mahfuzu ya koma kwance kaburato da liƙin taya, a zaune, daga safe zuwa magariba.

Cikin watan Agusta wata bas mai zuwa Ngaoundéré ta tsaya a gaban rumfar don fasinjoji su sayi abinci. Ya ɗaga kai ya ga Hafsatu a taga, Hindu a gefenta. Ya ji labari za a kai ta a sa mata haƙora. Ta rame, fuskarta ta ɗan karkace.

Ya goge hannunsa a riga, ya sayi lemo biyar wajen wani mai talla, ya ɗingisa ya ƙetare kwata zuwa jikin motar. Ya ɗaga ledar sama ya kira sunanta. Ta dube shi sosai, ta gane shi. Ta ja mayafi ta rufe bakinta, sannan ta sa hannun hagu ta ja gilashin ta rufe.

Ya tsaya a wurin har direba ya gama cin abincinsa ya tayar da mota. Da ya dawo rumfa Jérôme ya ce akwai mai jiran a liƙe masa taya, yana sauri. Mahfuzu ya ajiye ledar a kan benci, ya zauna, ya ce a miƙo masa tayar.