Bankwanan Turawa

Zuhair ya dawo daga Jidda da tukunyar iska ta goyawa a baya, da gilashin ido, da wasu takalma masu faɗi kamar ƙafar agwagwa. A can, aikinsa raka Turawa ƙarƙashin teku su kalli duwatsu da kifi. Mutanen Yalwawa suka yi dariya har da riƙe ciki. Ɗan Fulani, wanda kakansa ko rafi ba ya ƙetarawa sai ya kama wutsiyar saniya!

Yayarsa Safara'u ba ta yi dariya ba. Tun da damina mijinta Mika'ilu ya kora shanu bakin dam ɗin Warwade, shanun suka dawo, shi shiru. Alƙali ya ce matar wanda ya ɓace sai ta jira shekaru, ba takaba, ba wani auren. Ita kuwa ta gaji. Gawa take so ta gani, ta yi kukanta ta huta. Ta roƙi Zuhair su je dam ɗin tare, ya nutsa ya nemo mata shi.

Neman jirgi ya fi nutson wuya. Duk mai kwale-kwalen da ya ji inda za su, wato wajen duwatsun da ruwa ya shanye, sai ya tuna jirginsa na yoyo. Da ƙyar wani tsoho, Baba Muntaka, ya yarda, ya ce su zo da hantsi, kuma azahar ba za ta same shi a kan ruwa ba.

Da suka isa, Zuhair ya goya tukunyarsa ya faɗa ruwa ta baya. Kumfa ta yi ta tasowa. Can sai ga shi ya ɓullo, ya hau jirgi ya cire gilashin idonsa.

"Adda, na gan shi."

"Alhamdu lillahi," in ji Safara'u, hawaye na zuba. "A kwance a ina?"

"Ba a kwance yake ba. A tsaye yake tsakanin duwatsu, sanda a kafaɗa, yadda yake tsayawa wajen kiwo. Ido biyu. Ya juyo ya dube ni."

Baba Muntaka ya ajiye filafilin da yake tuƙi da shi. "Ka yi masa magana?"

"Da wane bakin, Baba? Hannu kawai na ɗaga, na yi masa bankwana na gudo."

"Nuna mini yadda ka yi."

Zuhair ya ɗaga tafin hannu yana buɗe yatsu yana rufewa, yadda matan Turawa ke yi masa in jirginsu zai tashi. Ɗan banza, shekarun Jidda sun mantar da shi abin da ko yaron goye ya sani.

"Wannan ai ba bankwana ba ne," in ji tsohon a hankali. "Yafito shi ka yi."

Wani abu ya bugi gindin jirgin. Ba da ƙarfi ba, irin bugun mai gida da ya san za a buɗe masa. Tsoro ya kama Safara'u har ta kasa jan salati. Ta so mutumin nan, Allah ya sani, amma gawarsa ta zo ɗauka.

"'Yata, mijinki ne," in ji Baba Muntaka. "In tsaya ko in tuƙa?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. "Tuƙa, Baba."

Ya tuƙa iyakar ƙarfinsa, gumi na ɗiga daga gemunsa. Bakin gaɓa bai matso ba.