An Raba Hanta da Jini

Injiniya ya buga tebur har shayinsa ya fantsama a kan madannan kwamfuta.

"Wa ya taɓa mini aiki?"

Kowa ya sunkuyar da kai, ban da Mai Tabarau, wadda ke zaune kusa da taga. "Ni ce, ranka ya daɗe. Manaja ne ya sa ni."

Shekaru ke nan da Injiniya ya rubuta manhajar kamfanin, ya ɗaure ɓangaren lissafin kaya da na buga rasit kamar hanta da jini. Kowanne yana kiran ɗan'uwansa da suna. Ka gyara wannan, wancan ya rushe. Shi kaɗai ya san bakin zaren, shi ya sa ko wanka ya shiga sai an kira shi. Kullum yana mita, amma Allah ya sani daɗi yake ji.

"Wakili na sa a tsakaninsu," in ji ta. "Ɓangaren kaya ya miƙa masa saƙo, ba ruwansa da mai karɓa. Na kuma yi mazubi guda, kowane irin bayani aka zuba ya ɗauka."

"Kowane iri! To ki zuba tsakuwa mana!"

Ya fizgo kujera ya hau gwaji, yana neman kuskure ido rufe. Ya cire ɓangaren rasit ɗungurum. Manhajar ko gezau. Ya mayar, ta ci gaba da aiki. Ransa ya ƙara ɓaci, don aikin ya yi kyau.

Manaja ya leƙo da fara'arsa. "Injiniya, hutun nan da kake ta nema, ka tafi abinka. Yanzu kowa zai iya riƙe mana."

Kowa. Kalmar ta tsaya masa a wuya har gida.

Ya ajiye waya kusa da faranti, yana jira. Bari dai abin ya watse musu, su zo suna roƙo, ya ja musu rai. Yara suka dawo daga makaranta, abinci ya huce, wayar shiru.

"Baban yara, yau dai mun same ka," in ji matarsa.

Ya ci gaba da kallon wayar. Can ya ɗago.

"Ɗan kira lambata, in ga ko wayar nan ta lalace."

Ta kira. Ta yi ƙara tangaran.