Ashirin, Babu Ƙari

Ana cewa biki zumunci ne. Masu faɗin haka yawanci ba su ne ke ramawa ba.

Biba da Basira sun ƙulla bikinsu tun suna amare a Kona, da tiyar gero guda. Kowace mace ta san ƙa'idar: abin da ƙawarki ta kawo miki ran hidimarki, ran tata ki kai mata ninkinsa. In kuwa kika mayar da daidai abin da aka kawo, babu ƙari, to kin ce a rabu ke nan, ko bakinki bai furta ba. Geron nan ya zama turmin zane, zanen ya zama kuɗi, kuɗin suka yi ta hawa, su biyun suna tsufa a ƙarƙashinsu. Bara, da Biba ta aurar da autarta a Tasawa, inda ta koma da mijinta tuntuni, Basira ta zo da jika ashirin ƙulle a bakin zane. Yanzu ga auren ɗan Basira ya taso. Arba'in ke nan.

Biba ba ta da arba'in. Tana da firigo, wanda take sayar da ƙanƙara da shi, kuma a cikinsa ake ajiye allurar sukari ta mijinta Ƙadri. Kuɗin kuran, wato wutar lantarki, kullum gaba suke yi, na pampo na biye da su, Yahaya mai kanti kuma ya fara gaishe ta yana kallon wani wuri. Sai ta kai jar akuyarta kasuwa, ta dawo da arba'in cif da igiya a hannu.

Da hantsin ranar tafiya, tana ɗaura kallabi, masu yanke kuran suka yi sallama. Ta roƙe su da Allah, suka ce su ma aiko su aka yi. Daga ɗaki Ƙadri ya ce, "Bar su su yanke, Biba. Tahi bikinki." Ya faɗa ne da muryar mai son a ƙi jin maganarsa. Ta dubi firigon, ta juya baya, ta kwance bakin zane, ta biya su bashin kuran.

Abin da ya rage ashirin ne. Da ma sha tara ne, ko ashirin da ɗaya, da ta ce kuskure ne.

Ɗan kabu-kabu ya sauke ta a Kona ana tsakiyar guɗa. Ba ta zauna cikin mata ba, inda ake ɗaga kuɗin kowa a faɗi sunanta. Ta ja Basira ɗaki.

"Ke tsohuwar banza, sai yanzu? Na ce ko kuran ɗin birni ya kama ki," in ji Basira, tana dariya.

Biba ta miƙa mata. Basira ta lasa yatsa ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Dariyar ta tafi.

"Ashirin," ta ce.

"Ashirin."

Biba ta taho da bayani tun daga hanya, na akuya, na allura, amma ƙawarta ba ta tambaya ba. Basira ta zauna bakin gado, ta daɗe tana shafa takardun a cinya.

"Kin san inda na samo su bara? Gonar bayan rijiya na ba da jingina. Har yau ba ta dawo ba. Tun da aka sa ranar auren ga nake roƙon Allah kada ki zo da arba'in, don ban san inda zan ga tamanin ba." Ta share ido da gefen mayafi. "To ga shi Ya amsa mini. Mi ya sa nake jin kamar an yi mini mutuwa?"

"Ai ba faɗa muka yi ba, ƙawa."

"Ba faɗa muka yi ba."

Suka ci tuwon biki a kwano ɗaya, kamar kullum. Suka yi alkawarin ziyara, haka nan kawai, babu dalili. Kowaccensu ta san kuɗin babur daga Kona zuwa Tasawa, ta kuma san ba a taɓa samunsa a gida ba sai in dole ta sa. Dolen ce suka kashe yau.

Da la'asar Basira ta raka ta har gindin gawon da suke rabuwa. Shekara da shekaru a nan take cewa, "Sai naki, ki shirya mini wurin kwana." Yau ta gyara wa Biba kallabi, ta ce, "Ki gaida mai jiki."

Biba ta iske firigo yana ta gurnaninsa, Ƙadri zaune a tabarma.

"Yaya Basira? An yi lahiya?"

"An yi," ta ce.

Ta buɗe firigon don ta sa naman da aka ƙullo mata, ta tsaya a nan, sanyi na bugun fuskarta, har sai da ya ce ta rufe, kuran na tafiya.